Malamin jami'a da koyarwa ta intanet: wa ke ɗaukar nauyin, wa ke cin ribar?

Duk lokacin da aka rufe jami'o'in Nijeriya, ko saboda annoba, ko yajin aiki, ko matsalar tsaro, sai tsohuwar muhawara ta sake tasowa: me ya hana malamanmu ci gaba da koyarwa ta intanet kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe? Iyaye suna tambaya cikin takaici, ɗalibai suna tambaya cikin fushi, jami'an gwamnati kuwa amsarsu tana bakinsu: wai malaman ne ba sa son canji, sun saba da alli da allo, kwamfuta tana ba su tsoro. Su kuma malaman, ta bakin ƙungiyarsu, sukan ce ina wutar, ina sabis ɗin, ina kayan aikin? Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina dukansu sun tsallake gundarin maganar. Matsayina shi ne, malamin jami'a mutum ne mai lissafi kamar kowa, kuma a tsarin da muke ciki yau lissafin ba ya fita. Idan ya rungumi koyarwa ta intanet, wahalar tasa ce, kuɗin daga aljihunsa ne, haɗarin a wuyansa yake, ladan kuwa ba ya zuwa gare shi ta kowace fuska da jami'a ta san da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Muddin ba a gyara wannan lissafi ba, a sayo manhajar da ta fi kowace tsada a duniya, a shirya bita ɗari, abin da za a gani shi ne abin da ake gani yanzu.

Shekarar 2020 ce ta tona asirin kowa. A cikin watan Maris gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda cutar korona, a ranar 23 ga watan kuma Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Cikin watan Afrilu ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin jami'o'i da kwalejoji su koma koyarwa ta intanet, shugabancin ASUU ƙarƙashin Farfesa Biodun Ogunyemi ya mayar da martani cewa abin ba zai yiwu ba a halin da jami'o'in gwamnati suke ciki. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da karatu ta Zoom da makamantansa, har suka kammala zango, alhali ɗaliban jami'o'in tarayya suna zaune a gida wata tara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma umarnin ministan fafe gora ne ranar tafiya. Sai dai abin da ya fi damuna ya faru ne bayan an buɗe makarantu. An ɗanɗana wuya, an ga inda rufin yake yoyo, me aka sauya a ƙa'idojin aikin malami domin kada a sake? Da yajin aikin 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma da matsalar tsaro ta riƙa tilasta rufe makarantu a Arewa maso Yamma, an tarar da mu kusan inda aka bar mu.

Bari in fara da zargin da ya fi yawo, wato cewa tsufa da rashin iya kwamfuta ne matsalar. Wannan zargi ba ya jure bincike ko kaɗan. Farfesan da ake cewa yana tsoron na'ura, ta yaya yake aika ƙasidarsa zuwa mujallar da ke Ingila ko Indiya? Ta intanet yake aikawa, ta nan ake maido masa da gyara, ta nan yake biyan kuɗin bugawa. Yana duba shafinsa na Google Scholar ya ga mutum nawa suka kafa hujja da aikinsa, yana halartar taron ƙara wa juna sani ta Zoom, yana cike takardun neman tallafin bincike a shafin asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 babu wanda ya shirya masa bita kafin ya koyi tura kuɗi ta waya. Kusan kowane sashe a jami'a yana da zauren WhatsApp inda ake raba sanarwar taro da jadawalin jarrabawa, dattawan sashen kuma suna ciki, sau da yawa ma su ne suka fi kowa magana. To mutumin da ya iya duk waɗannan, shi ne zai gagara ɗora darasi a manhajar koyarwa irin Moodle? Tun a 1989 wani masani Ba'amurke, Fred Davis, ya nuna cewa abu biyu ne ke sa ma'aikaci ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga tana da amfani ga aikinsa, ya kuma ga tana da sauƙin sarrafawa. A binciken nasa amfanin ne ya fi nauyi. Mutum yakan jure wahalar koyon abin da zai amfane shi, amma sauƙi kaɗai ba ya jan kowa zuwa ga abin da ba shi da riba. Malamanmu sun koyi duk abin da ya shafi ci gabansu. Abin da suka bari shi ne wanda ba a lissafa musu shi.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a daɗe, domin nan ne ƙashin bayan matsalar. Mene ne yake ɗaga malami daga wannan mataki zuwa na gaba a jami'ar Nijeriya? Kowa a cikin harabar ya san amsar: yawan ƙasidun da ya buga a mujallu, takardar digirin digirgir, littattafai, taruka, ɗaliban da ya duba wa kundin bincike. Idan kwamitin ƙarin girma ya zauna, bugaggun ayyuka ake ƙirgawa, a kuma aika su ga masana na waje idan kujerar farfesa ake nema. Koyarwa tana da maki a takarda, amma makin yawanci na shekarun aiki ne da yawan kwasa-kwasan da aka ɗauka, bai cika bambanta wanda ya raya darasinsa da wanda yake karanto takardar da ya rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce ba. Yanzu a dubi abin da shirya kwas guda ta intanet yake buƙata idan da gaske za a yi. Sai an sake tsara darasin mako-mako, an naɗi murya ko bidiyo, an tace shi, an rubuta tambayoyin gwaji masu yawa, an shiga zauren tattaunawa ana amsa tambayoyin ɗalibai dare da rana. Aikin watanni ne a karon farko. A cikin watannin nan malami zai iya rubuta ƙasida ɗaya ko biyu da za su kai shi matakin babban lakcara, su ƙara masa albashi har ranar ritayarsa. Wace shawara dattijon sashe mai ƙaunar ƙaramin malami zai ba shi? Zai ce masa ya gama digirinsa, ya yi rubutu, sauran abubuwa su jira. Kuma gaskiya ya faɗa masa. Abin takaicin shi ne, matasan malamai, waɗanda ake wa kallon su ne za su jagoranci sauyin saboda sun taso da waya a hannu, su ne tsarin ya fi hukuntawa idan suka ba da lokacinsu ga wannan aiki, domin su ne suka fi buƙatar makin rubutu, su ne kuma aka fi jibga wa manyan azuzuwan 'yan aji ɗaya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa lada ne ke motsa al'amarin tana nan a gabanmu. Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo, ta daɗe tana amfani da malaman jami'o'in da muka sani wajen rubuta littattafan kwasa-kwasanta da jagorantar ɗalibanta. Haka cibiyoyin karatu daga nesa da wasu jami'o'i suka buɗe, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da malaman jami'ar suke gudana. Mutanen nan ɗaya ne, wutar ƙasar ɗaya ce, sabis ɗin ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a can an ɗauki aikin a matsayin aiki: an yi masa tsari, an sa masa ma'aikata, an yanka masa haƙƙi. Da aka yi haka sai ga malamin da ake cewa ba ya son canji yana koyarwa ta intanet ba tare da an ja shi da igiya ba.

Sai batun aljihu, wanda masu tsara manufofi ba sa son a ambata. Kwamfutar da malami zai yi aikin da ita, a mafi yawan lokuta shi ya saya. Data shi yake sa wa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar naɗin darasi, man janareto daga albashinsa zai fito, ko kuma ya ci bashi ya sa sola. Wannan albashin kuwa ya daɗe yana bin yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU, an kuma shafe shekara fiye da goma ana ja-in-ja a kan sabunta ta, alhali darajar naira tana zubewa. Bayan yajin aikin 2022 an riƙe wa malamai albashin watanni bisa dokar ba aiki ba biya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Lacca guda ta bidiyo kai tsaye ta awa ɗaya tana cinye ɗaruruwan megabayit, malami mai kwas huɗu ko biyar kuma zai yi irinta sau da yawa a mako. A wane aiki ne ake cewa ma'aikaci ya sayo kayan aikin ofis da kuɗin cefanen gidansa, sannan a zarge shi da rashin kishi idan ya ja baya? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To ke nan ASUU ta yi gaskiya da ta ce matsalar ta kayan aiki ce? Ta yi gaskiya har zuwa wani wuri, kuma ba zan rage wa hujjarta nauyi ba. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin tantance buƙatun jami'o'i ya tarar da ɗakunan lacca a cushe, ɗakunan gwaje-gwaje a lalace, intanet kuma mai rauni ko babu shi sam. Daga nan aka yi alƙawarin naira tiriliyan 1.3 a 2013 don farfaɗo da jami'o'i, abin da aka saki bai kai ko kusa ba. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar kwastomomin rukunin A fiye da sau uku zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, jami'o'i da dama suka shiga kukan ba za su iya biya ba. A watan Oktoban shekarar, lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, da wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk wanda ya ce malami ya yi lacca kai tsaye a irin wannan yanayi bai san ƙasar da yake magana a kanta ba.

Amma hujjar tana da iyaka, kuma tsayawa a kanta ya zama mafaka. Ba a zauna haka kawai ba a shekarun nan. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN domin haɗa jami'o'i da layin intanet mai ƙarfi. A 2019 aka buɗe tashar wutar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. TETFund ta gina cibiyoyin kwamfuta a harabobi da yawa, a 2023 kuma ta ƙaddamar da dandalin TERAS wanda ya ƙunshi manhajar gudanar da darussa. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, sanannen abu ne cewa malamai da yawa ba sa amfani da irin waɗannan manhajoji sai don ajiye takardu da liƙa sanarwa, wanda ke nuna cewa wuta da waya sharaɗi ne, amma ba su ne ke sa mutum ya sauya yadda yake koyarwa ba. Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ya yi mana illa tun 2020, wato ɗaukar cewa koyarwa ta intanet tana nufin malami a gaban kyamara, ɗalibai ɗari biyar suna kallo a lokaci guda. Wannan shi ne salo mafi tsada, mafi saurin lalacewa, kuma mafi rashin dacewa da mu. Saƙon murya na minti goma sha biyar bai kai nauyin bidiyon minti biyu ba. Takardar darasi ana sauke ta sau ɗaya a karanta har ƙarshen zango. Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, kyauta ne, manhajarsa ta waya kuma tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da ya samu sabis ya karanta lokacin da babu. Idan muka ce sai wuta ta tsaya cak a faɗin Nijeriya kafin a fara, yaran da ke aji ɗaya yau za su yi ritaya ba a fara ba.

Wani abin da masu zargin malamai ke mantawa shi ne, sau da yawa tausayin ɗalibi ne yake riƙe hannun malami. Ya san ajinsa. Ya san akwai wanda wayarsa ƙarama ce ba ta hawa intanet, akwai wanda idan ya koma ƙauyensu sai ya hau tudu kafin ya samu sabis, akwai wadda kuɗin data da kuɗin abincin rana suke takara a jakarta. Idan ya sa gwaji ta intanet mai maki, ya san kashi nawa na ajin zai zalunta, kuma su ne za su yi layi a ƙofar ofishinsa suna roƙo. Malami mai imani zai gwammace ya koma allo inda kowa yake daidai. Afirka ta Kudu ta fahimci wannan a 2020: an yi yarjejeniya da kamfanonin waya aka mayar da shiga shafukan karatu kyauta, manyan jami'o'i irin na Cape Town da Witwatersrand suka raba wa ɗalibai data, suka ba marasa hali aron kwamfuta. Da aka ɗauke wa ɗalibi nauyin, sai malami ya samu natsuwar amfani da kayan. Me zai hana Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da hukumar sadarwa su zauna da MTN, Airtel da Glo a kan shafukan darussan jami'o'in gwamnati kaɗai?

Akwai masu cewa duk wannan dogon turanci ne, a ba da umarni kawai, kowa zai bi. Suna kafa hujja da hukumar jarrabawar JAMB, wadda ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita tilas a 2015 duk da ihun da aka yi, ga shi yau an saba. Suna ƙarawa da cewa ai da aka ce sai ta shafin jami'a za a shigar da sakamakon jarrabawa, kowane malami ya koya. Na yarda tilas tana aiki a inda abin da ake so a yi guda ɗaya ne, mai farko da ƙarshe, wanda za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Koyarwa ba haka take ba. Idan shugaban jami'a ya fitar da takarda cewa kowane kwas sai ya bayyana a manhaja, abin da zai samu shi ne tsohuwar takardar lacca an ɗauki hotonta an ɗora, shafin ya cika, rahoto ya yi kyau, ɗalibi bai ƙaru da komai ba. Ana iya tilasta wa mutum ya buɗe shafi. Amsa tambayar ɗalibi da ƙarfe tara na dare cikin haƙuri da kulawa kuwa, wace takardar umarni ce za ta sa shi?

Haka nan bitar kwana uku da ake yawan kashe kuɗi a kanta. A tara malamai ɗari biyu a babban ɗaki, wani ƙwararre daga Abuja ko Legas ya nuna musu inda ake latsawa, a raba takardar shaida, a watse. Bayan wata biyu malami ya zauna zai ɗora darasi, abu ya cije, wa zai kira? Everett Rogers, wanda littafinsa na 1962 ya zama madogara a kan yadda sababbin abubuwa ke yaɗuwa cikin jama'a, ya gina tunaninsa ne a kan binciken da aka yi game da manoman jihar Iowa ta Amurka da sabon irin masara. Abin da aka gano a can duk manomin ƙasar Hausa ya san shi: malamin gona yana iya kawo labarin sabon iri, amma ba a shuka shi sai an ga gonar maƙwabci ta yi kyau. Gani ya kori ji. Malamin sashen Tarihi ba zai gamsu da abin da masanin kwamfuta ya nuna masa ba, zai gamsu ne idan abokin aikinsa na ofishin kusa ya nuna masa yadda gwajin mako-mako da na'ura ke makawa ya rage masa dakon takardu dubu. Don haka kuɗin bita guda ya fi amfani idan aka ɗauki ma'aikaci ɗaya ko biyu a kowace tsangaya, masu ofis da lambar waya, aikinsu kawai su zauna da malami su taya shi gina kwas, a kuma rage wa malaman da suka fara nauyin wasu ayyuka domin su ja 'yan uwansu.

Sai maganar amana, wadda ba a cika rubuta ta a rahotanni ba amma tana bakin malamai idan sun keɓe. Darasin da na naɗa, na wa ne? Idan jami'a ta mallake shi, me zai hana ta ci gaba da amfani da shi bayan na bar aiki, ko ta sayar wa ɗaliban karatu daga nesa ba tare da an ba ni ko sisi ba? Idan muka shiga yajin aiki, ba za a kunna muryata a ce karatu yana tafiya ba? Mutanen da suka shafe shekaru suna rigima da gwamnati a kan tsarin biyan albashi na IPPIS, har sai a ƙarshen 2023 aka amince a cire jami'o'i daga cikinsa, ba za a yi mamaki ba idan suna kallon duk wata sabuwar manhaja daga sama da ido ɗaya. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan tsanani ga masu koyar da siyasa, addini, tarihi ko shari'a: a yanko daƙiƙa talatin daga laccar awa biyu, a watsa a Facebook ko TikTok ba tare da abin da ya gabace ta ba, kafin gari ya waye mutum ya zama abin tsinuwa ko abin farauta. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Jami'ar da ba ta da rubutacciyar ƙa'ida a kan mallakar darasi da hukuncin wanda ya fitar da shi waje ba ta da bakin cewa malamanta sun ƙi ba da haɗin kai.

Ba na wanke kowa da kowa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai malaman da ba sa son darasi ya hau intanet domin cinikin handawut zai mutu, duk da jami'o'i da yawa sun haramta shi. Akwai waɗanda manhaja za ta fallasa, domin tana rubuta ranar da aka shiga da ranar da ba a shiga ba, su kuwa sun saba ɓacewa har sai saura mako biyu jarrabawa. Waɗannan suna nan, kuma ba su cancanci kariya ba. Sai dai tsarin da ba ya saka wa mai ƙoƙari shi ne babban abokinsu, domin a cikinsa suke ɓuya. Ranar da aka fara ƙirga ingancin koyarwa da gaske, ranar za a bambanta su da sauran.

Hujja ta ƙarshe da nake girmamawa ita ce ta masu cewa ilimi ba saƙo ba ne da ake turawa, tarbiyya ce, ɗalibi yana koyon ladabi da natsuwa da yadda ake tunani ne ta zama gaban malami, kamar yadda aka gada a zaurukan karatu. Sun ƙara da cewa tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida da gwajin da ba a sa ido ba sun rasa daraja. Dukansu gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa goyon bayan a rufe aji a koma waya ba. Ɗalibin likitanci sai ya taɓa majiyyaci, na injiniya sai ya riƙe ƙarfe, babbar jarrabawa kuma a yi ta a ɗaki ƙarƙashin ido. Amma a gaya mini, wace tarbiyya ake samu a ɗakin da ɗalibai dubu suka cika, wasu a kan taga, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, malami bai san sunan ko mutum ashirin ba? Idan bayanin farko ya tafi ta saƙon murya da takarda, ɗalibi ya saurara sau uku a ɗakinsa, sai lokacin haɗuwa ya zama na tambaya da muhawara, wanda shi ne ya fi kusa da zauren da ake kewa. Kuma al'ummarmu ba baƙuwar karatu daga nesa ba ce. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ta gidan rediyon Kaduna ya karantar da mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, kaset-kaset na malamai sun zaga kasuwanni da tashoshin mota shekara da shekaru, yau kuma ana bin karatuttuka kai tsaye a Facebook, wasu masu karantarwar ma malaman jami'a ne. Matar aure mai goyo, ma'aikacin da ke karatun yamma, ɗalibin da hanyar garinsu ta zama haɗari, su ne za su fi cin moriya, kuma yawansu a Arewa ba kaɗan ba ne.

Saboda haka kirana ga NUC da majalisun jami'o'i shi ne su fara daga inda ba ya buƙatar kwangila. A buɗe kundin ƙa'idojin ƙarin girma a rubuta cewa cikakken kwas na intanet, wanda masana suka duba suka amince da ingancinsa, yana da maki kamar ƙasidar mujalla. A sa alawus na data da kayan aiki a kasafin kowace tsangaya, a rubuta wa malami haƙƙinsa a kan abin da ya naɗa, a ba shi wanda zai kira idan abu ya cije. Ita ma ASUU, da ta iya ƙera manhajar biyan albashi ta UTAS a madadin IPPIS, ya kamata ta sa waɗannan buƙatu a teburin tattaunawa da kanta, ta daina barin maganar a hannun waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban aji ba. Shugabannin jami'o'i, yawancinku kun hau kujerar farfesa ta wannan kundin, kun san abin da yake ƙirgawa da abin da yake zubarwa, kuma gyara shi yana hannunku tun daga zaman majalisa na gaba.